Baffa Wanzami da Ƙahon da Na Je Sin Na Koyo

Ranar da muka kai Baffa makwancinsa a Tsaskiya, ban san rabin mutanen da suka cika ƙofar gidanmu ba. Wasu daga Babban Duhu suka zo, uku-uku a kan babur, wasu daga Batsari, wasu kuma Fulani ne daga rugage, suka jingine sandunansu a jikin katanga suka zauna a bakin tabarma. Baffa yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida da mahaifina ya rasu. Wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami.

Wani tsohon Bafulatani ya durƙusa gabana, ya janye wuyan rigarsa ya nuna min kafaɗarsa. Tabon ƙaho ne jere, tsoho da sabo. Ya mayar da rigar, ya ce, "Allah shi jiƙan shi," ya tashi. Mai goron da suke zama inuwa ɗaya a kasuwar Batsari kuwa kuka yake da hawaye shaɓe-shaɓe, yana cewa shi yanzu da wa zai yi gardama. Liman ya dubi taron ya ce, "Yau mazan garin nan kaf sun zama marayu, don babu wanda bai bi ta hannun shi ba." Mutane suka yi dariya suna share ido. A cikin gida, Goggo, ƙanwarsa, ta kama hannuna ta ce, "Kai da ka yi boko, ka rubuta shi. Wanzami ba ya barin littafi, sai tabo, tabon kuma da mai shi ake binne shi." To ga shi ina rubutawa, kuma ba zan ɓoye laifina ba, don babu yadda zan ba da labarin Baffa ban ba da shi ba.

Dogo ne siriri, kullum da jan goro a baki da zabira a kafaɗa, wato jakar fatar da wanzamai ke zuba kayan aiki. In yana aski, surutu har sai ka gaji: labarin damina, labarin wanda ya sayi saniya mai tari, labarin siyasar da bai yarda da kowa a cikinta ba. Amma da ya ɗauki ƙaho, sai ya yi tsit. Zai shafa bayan mutum da tafin hannu a hankali, ya danna nan, ya danna can, har ya tsaya a wuri ɗaya. Ya kafa ƙahon, ya zuƙe iskar da bakinsa, ya toshe hujin da kakin zuma da harshensa. In fata ta taso sai ya cire, ya yi 'yan tsage da aska, ya mayar da ƙahon ya ja mataccen jini. Yakan ce, "Ido maƙaryaci ne, hannu ba ya ƙarya." Yakan kuma ce kan hakimi da kan talaka duk ɗaya ne a wurinsa, tunda duk sunkuyawa suke yi.

A shekarun da zama ya yi tsami tsakanin gari da ruga, mutane da yawa suka daina gaisawa da waɗanda suka tashi tare. Baffa bai daina zuwa ruga ba. Aka yi ta gunaguni, har aka aiko masa da magana. Ya ce wa ɗan aiken, "Ka ce masu bayan Bafulatani da bayan Bahaushe ciwo ɗaya suke yi." Yakan dawo da goran nono, ya miƙa wa matan gida, don shi nono ba ya zama a cikinsa. Bai taɓa gaya wa Fulanin haka ba, shekara da shekaru yana karɓa yana godiya.

'Ya'yan Baffa duk mata ne, saboda haka ni ya sa wa rai da zabira. Ni kuwa kunyar sana'ar nake ji. A makarantar sakandare a Safana ana tsokanata da ɗan wanzan, ana cewa a gidanmu jini ake sha. Na ƙi koyon ko riƙon aska. Baffa bai matsa min ba. Na wuce jami'a na karanta gashin ƙashi, na kama aiki a wani asibiti a Katsina, ina jin na tsere wa ƙaho har abada.

Sai ga wata dama ta fito, ta karatun digiri na biyu a kan maganin gargajiyar ƙasar Sin, cikin shirin musayar ɗalibai, inda ake kai mutum asibiti ya koyi aiki a kan marasa lafiya. Ni abin da ya ja ni shi ne siraran alluran nan da suke tsirawa a jiki don ciwon baya da shanyewar ɓarin jiki. Da na je sallama, Baffa yana wasa aska a fata, ya ce, "Mi za ka koyo?" Na ce maganin gargajiya. Ya dakata. "Na gargajiya?" Na ce e, amma irin nasu. Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. "An ce a nemi ilimi ko a birnin Sin, amma ban ji inda aka ce a tsallake na ƙofar gida ba. Allah shi kai ka lafiya."

Sin ta ba ni wuya. Sanyi, da harshen da sai ka yi waƙa kafin a gane ka, da abincin da na rasa kansa, har Allah Ya haɗa ni da shagon taliyar wasu Musulmin ƙasar. Mu tara ne baƙi a ajinmu, daga Pakistan, da Tanzaniya, da Malesiya da wasu wurare. A shekara ta biyu aka shigar da mu asibiti, aka danƙa mu a hannun wani tsohon malami, gajere mai farin gashi, wanda ba ya rabuwa da gorar shayi. Sati uku bai bar mu mun taɓa allura ba. Yatsu uku kawai muke ɗorawa a wuyan hannun maras lafiya mu saurari bugun jini, mu duba harshensa, mu faɗi abin da muka gani, shi kuma ya girgiza kai.

Ran nan ya kai mu wani ɗaki. Ina shiga na ga mutane kwance rub-da-ciki, bayansu cike da kofunan gilashi. Ma'aikaciya ta kunna auduga, ta zura wutar cikin kofi ta zare, ta kifa shi a bayan mutum, fata ta taso. Da aka cire, sai ga tabo kewayayye, baƙi-baƙi.  Ƙaho! Ƙaho ne tsagwaronsa, a bene hawa na bakwai, da farar riga da takardar shaida. Na tsallake teku da hamada, na ci sanyi kamar zan mutu, ashe abin da na gudu daga gare shi a Tsaskiya shi ke jirana. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, abokan karatuna suna kallona kamar na zautu.

A tsarin musayar, kowane baƙon ɗalibi sai ya tsaya gaban aji ya yi bayanin maganin gargajiyar ƙasarsa. Da aka zo kaina, na ga ban san komai ba. Jikan wanzamai, amma ban san inda ake kafa ƙaho don ciwon kai ba. Kunya ta ishe ni. Na buga wa Baffa waya. A Tsaskiya sai an hau tudun bayan firamare waya ke kamawa, haka tsohon nan ya riƙa hawa tudun kowace safiya har kwana shida, yana ɗaga murya kamar mai kiran wani a gona. "Na ƙeya daban, na tsakanin kafaɗu daban! Kana rubutawa? In jinin ya fito baƙi mai kauri, ka ƙara ja. In ya fito ja wur, ka tsaya haka nan." A rana ta ƙarshe ya ce, "Su Sinawan, da baki suke zuƙa?" Na ce da wuta. Ya ce, "Kai, mutanen nan da wayo suke."

Na yi bayanin, na nuna hoton ƙahonin Baffa. Malamin nan da bai taɓa yaba min ba ya daɗe yana kallon hoton. Ya tambaye ni shekara nawa na yi ina koyo a wurin mai su. Na ce ko kwana ɗaya. Ya dube ni ta saman tabarau, ya kurɓi shayinsa.

Na dawo gida da takarda da girman kai. Na sayo wa Baffa akwatin kofunan gilashi, na ce ranar kasuwar Batsari zan kai masa, kowa ya gani. Na same shi a inuwarsa ta kullum, mutane biyar ko shida na jiran layi. Ina tsaye ya gama tsaga wani, ya goge askar da tsumma, ya ɗauraye ta a ɗan kwanon ruwa, ya ce na gaba ya matso. Shekara uku ana cusa min a kai cewa ƙarfen da ya taɓa jinin wani ba ya taɓa wani sai an dafa shi. Na san ciwon hantar da ake ɗauka ta jini, na ga yadda yake kashe mutane. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Baffa, wannan ai kisan kai ne! Aska ɗaya za ka tsaga mutum shida da ita?"

Da ƙarfi na faɗa, a tsakiyar kasuwa. Mutumin da ya riga ya tuɓe riga ya dube ni, ya dubi askar, ya mayar da rigarsa ya ce yana zuwa. Na bayansa ma ya tuna yana da uzuri. Mai goro ya sunkuyar da kai. Baffa ya ninke askar a hankali ya ce, "Askar nan ita ta yi maka askin suna, ita ta yi maka kaciya. Ga ka nan ba ka mutu ba, har Sin ka je ka dawo da baki." Ya tura min akwatin da ƙafa. "Ɗauki kayanka, Likita."

Maganar ta zaga kasuwa kafin la'asar. Wai ɗansa ma da ya yi karatu a waje ya ce askarsa na kisa. Watanni inuwar Baffa ba kowa sai mai goro. Mutumin da ya shekara hamsin ana layi a gabansa ya koma yana korar ƙuda. Ni na yi masa wannan, da bakina.

Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Da ma ya yi, da ya fi min sauƙi. In na zo gida na durƙusa na gaishe shi, zai amsa tiryan-tiryan, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, shi ke nan. Babu tsokana, babu labarin saniya mai tari. Na ba da haƙuri, ya ce, "Ba komai, Likita." Na tura Liman, ya ce masa ai shi ba ya riƙe da kowa. Na kai kuka wurin Goggo, ta ce, "Wanzami dai ba ya son jarfa, wannan gaskiya ne. Amma kai ma jaki ne. Gidan ba shi da zaure ne, sai kasuwa?" Shekara biyu muna haka. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada ɗayanmu ya mutu ban ji ya yafe min daga zuciyarsa ba.

Sai musayar ta juyo ta wajenmu. Asibitin da nake aiki ya karɓi baƙi daga jami'ar da na yi karatu a Sin, tsohon malamina da ɗalibansa biyar masu digiri na biyu, za su yi wata guda suna duba marasa lafiya tare da mu. Kwana biyu da saukarsa ya ce min yana son ganin mai ƙahonin nan na cikin hoto. Kai baƙi ƙauye a lokacin ba zai yiwu ba, saboda halin da hanya take ciki. Dole Baffa ne zai zo. Ban iya tunkararsa ba, na roƙi Goggo. Ta ce da ta gaya masa sai ya ce, "Baƙo ya taso daga Sin yana nemana, in ƙi zuwa? Ni ba mutumin banza ba ne." Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau babur zuwa Batsari, ya shiga motar Katsina da zabirarsa a cinya.

Ni ne tafinta, saboda haka dole ya yi magana ta bakina, ko da yake ko sau ɗaya bai dube ni ba. "Ka gaya mashi ina gaishe shi da hanya. Ka tambaye shi ya ya baro iyali." Tsofaffin biyu suka baje kayansu a kan tebur ɗaya. Baffa ya ɗaga kofin gilashi yana leƙa cikinsa, malamin ya shinshina kakin zuma. Can sai malamin ya cire farar rigarsa ya juya baya, ya nuna kafaɗarsa. Baffa ya shafa, ya danna, ya danna, ya tsaya a wani wuri, malamin ya yi 'yar ƙara. Ashe nan ne ya shekara yana damunsa. Baffa ya kafa ƙaho ya zuƙa, ɗaliban suka zagaye shi suna rubutu kamar ana karanta masu jarrabawa.

Wata ɗaliba ta tambaya da me yake yin tsaga.  Baffa ya zura hannu a zabira ya fito da ƙunshin sababbin reza, kowace a takardarta. "Ka gaya mata mutum ɗaya, reza ɗaya. In na gama sai in jefa a masai." Na fassara. Ashe tun bayan kasuwar nan ya canza, bai gaya wa kowa a gida ba.

Malamin ya ce shi ma a ba shi dama ya rama. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun Baffa ya daɗe, ya ce ya fito da harshe. Baffa ya ce, "Ka gaya mashi nawa lafiya lau yake. Na wasu ne ya yi tsawo." Ban fassara wannan ba. Malamin ya ja ni gefe ya ce tsohon nan ba shi da lafiya, a yi masa gwajin jini kafin ya koma. Aka yi. Ƙoda ce, ta riga ta yi nisa.

A tasha, da zan sa shi a mota, na ce, "Baffa, na ga rezar." Ya gyara zaman zabirarsa ya ce, "Maganarka gaskiya ce. Wurin da ka faɗe ta ne ba gaskiya ba." Mota ta tashi.

Ya yi wata bakwai yana jinya, tsakanin Katsina da gida, har ya ce shi ya gaji da asibiti, a bar shi a ɗakinsa. Wata Asabar da hantsi na je duba shi, na tarar ɗakin cike: Goggo, 'ya'yansa mata, surukai biyu, da mai goro da ya zo daga Batsari. Baffa ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, tafin hannunsa fari fat. Yana ganina ya ce, "Yauwa. Bayan nan ya hana ni sakat, mataccen jini ne ya taru. Ɗauko ƙaho ka tsaga ni. Ai ka koyo."

Kowa ya zuba min ido. Tunda nake, bai taɓa neman in yi masa wani abu da hannuna ba, sai yau. Kuma na san jinin da ke jikinsa bai ishe shi ba ma, balle a zubar. In na yi, na cuce shi. In na ƙi, na sake ƙaryata shi a gaban mutane. 

Na ce, "Goggo, don Allah ku ɗan ba mu wuri, zan tuɓe masa riga." Suka fita ɗaya bayan ɗaya, na saki labule. Na durƙusa a bakin gadon, na kai bakina kusa da kunnensa. Na ce, "Baffa, ka gafarce ni, ba zan tsaga ka ba. Ba ka da jinin da za a ɗiba. In kana so in kafa maka ƙahon haka nan ba tsaga, ko za ka ji sauƙin bayan."

Ya daɗe yana kallona. Sai na ga kafaɗunsa na motsi, na zaci kuka ne, ashe dariya ce ba ƙarfin fitar da ita.

"Kai kana tsammanin ban san haka ba? Shekara hamsin ina kallon tafin hannun mutane. Da ka ɗauko reza, da na ce kuɗin jirgi aka yi asara. Da kuma ka faɗa a gabansu, da na ce har yau jakin nan ne." Ya ɗora hannunsa a kaina, hannun ba nauyi ko kaɗan. "Na yafe maka, duniya da lahira. Tun tuni na so in faɗa, bakin ne ya yi nauyi. Kai ma ka yafe min."

Na kifa kaina a gefen katifar na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "To ya isa, kada su zaci na tafi. Tashi ka aske min kai, sumar nan ta dame ni."

Ban taɓa yi wa kowa aski ba a rayuwata. Na jiƙa kan da ruwan ɗumi da sabulu, na ɗauki reza, yana gaya min inda zan ja fata da inda zan kwantar da hannu. Duk da haka sai da na yanke shi wuri biyu. Ya shafa, ya duba yatsansa, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji: "Ku zo ku ga aikin wanda ya je Sin!" Suka shigo suna dariya, Goggo na dariya tana goge hawaye da bakin zane.

Kwana huɗu bayan nan ya cika, ranar Laraba bayan azahar. Da muka zo yi masa wanka, yankan nan biyu suna nan a kansa, ba su gama warkewa ba. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ciwon da ya ɗauke wa bayin Allah ya zame masa sauƙi a inda ya je. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.